Garar da ke cin ƙashi bayan an sa gaɓar ƙarfe

Yau maganar ƙashi za mu yi. Masu sikila, da masu ɗan'uwa mai sikila a gida, ku matso kusa.

Sikila takan toshe jinin da ke zuwa kan ƙashin cinya, ƙwallon nan da ke juyawa cikin ƙugu, har ya mutu ya lotse. Sai ka ga ɗan shekara 25 ba ya iya takawa daga Ƙofar Kuyambana zuwa Kasuwar Zariya. In abin ya kai maƙura, likitocin ƙashi, irin na asibitin koyarwa na Shika ko na asibitin ƙashi na Dala a Kano, sukan ce sai an canza gaɓar: ƙwallon ƙarfe, da ƙoƙon roba da zai riƙa juyawa a ciki. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan haɗin a 1962.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk taku ɗaya, ƙarfe na gugar roba, kamar yadda farantin injin markaɗe ke cinyewa a hankali. Ɓarɓashin da ke fita ido ba ya ganinsa. Sojojin garkuwar jiki, makrofaj, sai su haɗiye shi kamar ƙwayar cuta, roba kuwa ba ta narkewa. Sai su yi ta kururuwar neman agaji, suna sakin sinadaran kumburi, sinadaran kuma su tada ƙwayoyin da aikinsu rushe tsohon ƙashi. Da ma a lafiyayyen jiki ana rushewa ana ginawa daidai wa daida. A nan sai rusau ya fi ƙarfin gini. Kun san gara a cikin azara? Soro na tsaye, ciki ya zama fanko. Sau da yawa ko ciwo babu, sai ƙarfen ya fara girgiɗi.

Ina ɓera ya shigo? Masu bincike sukan sa masa barci, su tsaga fatar kansa, su barbaɗa garin roba ko na titaniyom a kan ƙoƙon kan, su ɗinke. Mako ɗaya zuwa biyu, hoto zai nuna ramuka a ƙashin. Da aka toshe wa ɓeraye sinadarin kumburi mai suna TNF, sai cin ƙashin ya ragu sosai. A 1997 kuma, a Amurka, an ba karnukan da aka sa wa ƙugun ƙarfe maganin alendronate, ya hana ƙashinsu zaizayewa.

Amma fa kar ku yi saurin murna. Ƙoƙon kan ɓera ba ya ɗaukar nauyin jiki, kuma abin mako biyu daban, abin da ke taruwa a shekara 10 ko 15 daban. Har yau babu ƙwayar da aka amince tana maganin wannan matsala a jikin mutum. Abin da ya kawo sauƙi na gaske shi ne sabuwar roba mai jure guga da ta fito a ƙarshen shekarun 1990.

Don haka in za a yi maka aikin, tambayi likita wace irin roba za a sa. In an riga an yi, riƙa komawa ɗaukar hoto ko da garau kake ji. Matashi ya fi tsoho zirga-zirga, tasa ta fi saurin cinyewa, aiki na biyu kuma ya fi wuya da tsada tunda ƙashin da za a kafa sabon ƙarfen ya ragu. Wannan kam ba aikin mai ɗori ba ne.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.