Riga-kafin Kwamfuta: Na Gida Ko Na Waje?

Gabatarwa

Duk wanda ya sayi sabuwar kwamfuta, ko aka ɗora masa sabuwar babbar manhaja a kan tsohuwar kwamfutarsa, tambayar farko da yakan ci karo da ita ita ce ta riga-kafi. Mai shago zai ce a ƙara kuɗi ya sa antibairos, aboki kuma zai ce babu buƙata, domin Windows ta zo da nata. A wannan babi za a yi bayani a kan asalin wannan saɓani, da yadda riga-kafi yake aiki, da abubuwan da ya kamata malami ya duba kafin ya yanke hukunci. Batun ya shafi malami kai tsaye, domin a yau cikin kwamfuta ake ajiye tsarin darasi da tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Fayil ɗaya da ya lalace a makon haɗa sakamako yana iya jawo wa aji guda asarar aikin zango.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Babbar manhaja ita ce uwar dukkan manhajojin da ke cikin kwamfuta, wato ita ce ke tafiyar da na'urar, sauran kuma a kanta suke zama. Misalanta sun haɗa da Windows da macOS da Linux, da kuma Android a wayoyin hannu. Shi kuwa bairos kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma a bakin jama'a ta ƙunshi duk wata muguwar manhaja da aka ƙirƙira domin ɓarna. Masana sun rarrabe su. Akwai wadda take manne wa fayil ta riƙa hayayyafa, akwai wadda take bin hanyoyin sadarwa da kanta daga wannan kwamfuta zuwa waccan, akwai mai shigar burtu, wadda take zuwa da kamannin manhaja mai amfani alhali ɓarna ta kawo ta. Haka kuma akwai mai leƙen asiri, da mai garkuwa da fayiloli har sai an biya kuɗin fansa.

Riga-kafi ko antibairos shi ne manhajar da ke gadin kwamfuta daga waɗannan. Idan aka ce "na gida" ana nufin wanda kamfanin da ya yi babbar manhajar ya gina a cikinta. "Na waje" kuwa shi ne wanda wani kamfani dabam ya yi, sai mai kwamfuta ya ɗora shi da kansa.

Yadda Riga-kafi Yake Gane Ɓarawo

Hanyoyi uku ne manya. Ta farko ita ce ta kamanni: riga-kafi yana riƙe da jerin alamomin miyagun manhajojin da aka riga aka sani, kamar mai gadi da aka ba wa hotunan ɓarayin unguwa. Wannan jeri kullum ƙaruwa yake yi, saboda haka riga-kafin da ya yi wata uku ba a sabunta shi ba, ɓarayin bara kaɗai ya sani. Ta biyu ita ce lura da ɗabi'a. Ko da ba a san fuskar baƙo ba, in aka ga ya fara kulle fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ko yana neman sauya muhimman sassan babbar manhaja, sai a dakatar da shi. Ta uku ita ce tambayar cibiya: idan riga-kafi ya ga fayil ɗin da bai yarda da shi ba, sai ya aika da bayaninsa ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfaninsa, su ba shi amsa nan take. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan hanya ta uku, domin za a sake komawa kanta.

Asalin Saɓanin

Tun da farko babu wani riga-kafi a cikin Windows. Bairos na farko da ya yaɗu a ƙananan kwamfutoci irin na IBM, wanda ake kira Brain, ya fito ne a 1986 daga birnin Lahore na Pakistan, kuma ta faifan fulofi yake yawo. Kamfanoni masu zaman kansu ne suka fara kawo magani. John McAfee ya fara nasa a Amurka a 1987, Norton AntiVirus ya biyo baya a farkon shekarun 1990, an kafa kamfanin Kaspersky a Mosko a 1997, Avast da AVG kuma daga ƙasar Cek suka fito. Shekaru kusan ashirin kasuwar tana hannunsu, har ya zama al'ada cewa kwamfuta ba ta kammalu ba sai an ɗora mata ɗaya daga cikinsu.

A wancan lokaci al'adar tana da hujja. Windows XP, wadda ta fito a 2001, ta sha wahala a hannun Blaster a 2003 da Sasser a 2004, waɗanda suke shiga kwamfuta da zarar an haɗa ta da intanet, ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Wannan ne ya tilasta wa kamfanin Microsoft sake tunani. A 2006 ya fitar da Windows Defender, sai dai a lokacin masu leƙen asiri kawai yake kamawa. A 2009 ya fitar da Microsoft Security Essentials kyauta, amma sai mutum ya sauko da shi da kansa. Sai a Windows 8, a 2012, aka mayar da Defender cikakken riga-kafi da ke kunne tun ranar farko. Haka ya ci gaba a Windows 10 ta 2015 da Windows 11 ta 2021, inda ake kiransa Microsoft Defender.

Farkon nasa bai yi armashi ba. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada riga-kafi, fitattu daga ciki su ne AV-TEST a Magdeburg ta Jamus da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya. A ƙarshen 2012 riga-kafin Microsoft ya kasa samun shaidar amincewar AV-TEST. Daga nan ne sunan rauni ya bi shi, kuma har yau wasu masu gyaran kwamfuta da wannan tsohon labari suke yi wa mutane nasiha. Amma abubuwa sun sauya. AV-TEST tana ba da maki 6 a kan tsaro, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan sauƙin amfani, kuma tun daga wajajen 2019 Defender ya sha samun cikakken maki a fannin tsaro, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saya da kuɗi.

Kamfanonin waje ba su ji daɗin wannan sauyi ba. Kaspersky ya kai ƙarar Microsoft gaban hukumar hana babakere ta Rasha a 2016, da ta Tarayyar Turai a 2017, yana cewa Windows 10 tana ture riga-kafin wasu domin ta fifita nata. Ya janye ƙarar a watan Agusta na 2017 bayan Microsoft ya yarda ya yi gyara.

Ƙarfi Da Raunin Na Gida

Babban alfanun riga-kafin gida shi ne ba ya ƙarewa. Ba a biya, babu lasisin shekara, kuma yana sabunta kansa tare da babbar manhaja. Bugu da ƙari, ba ya damun mutum da tallace-tallace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin sababbin kwamfutoci suna zuwa da riga-kafin waje na gwaji, wanda bayan ɗan lokaci wa'adinsa yake cika. A tsofaffin Windows mutum yakan zauna da mataccen riga-kafi yana zaton yana da tsaro. A Windows 10 da 11, idan wa'adin na waje ya cika, Defender yana komawa bakin aiki da kansa.

Rauninsa kuwa yana nan a hanya ta uku da aka ambata a baya. Gwaje-gwajen AV-Comparatives sun sha nuna cewa abin da Defender yake kamawa yana raguwa sosai idan an yanke intanet, fiye da yadda na wasu kamfanonin waje yake raguwa. Ga mutumin da kwamfutarsa ke haɗe da intanet dare da rana, wannan ba damuwa ba ce. Amma ga malamin da ke makarantar ƙauye, wanda sai ya sayi data yake leƙa intanet, kuma kusan duk fayil ta filashi yake zuwa masa, wannan shi ne gundarin magana. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu uku kafin ya dawo gida shi ne babbar ƙofar cuta a makarantu. Sanannen abu ne mutum ya buɗe filashi ya tarar foldojinsa sun koma 'yan alamomi masu kibiya. Galibi fayilolin ba su goge ba, ɓoye su aka yi, kuma danna alamar shi ne yake kunna bairos ɗin. Irin wannan matsala ce ta sa Smadav, wata ƙaramar manhaja daga Indunusiya da aka yi musamman domin filashi, ta samu karɓuwa a shagunan kwamfuta na Nijeriya. Masu ita da kansu a matsayin mataimakiya suke gabatar da ita, ba madadin cikakken riga-kafi ba.

Ƙarfi Da Raunin Na Waje

Riga-kafin waje da ake saya yakan zo da ƙarin kaya: ma'ajiyar kalmomin sirri, kariya a lokacin hulɗa da banki, hanyar taƙaita shafukan da yara za su buɗe, da damar kula da kwamfutoci da yawa daga wuri ɗaya. Wannan na ƙarshe yana da amfani ga makarantar da ke da ɗakin kwamfuta mai na'urori talatin ko arba'in. Sai dai mai kwamfuta ɗaya ya tambayi kansa ko yana buƙatar waɗannan kaya, domin su ne akasarin abin da yake biya wa kuɗi.

Akwai kuma batun amana, wanda ba a cika kawo shi a shago ba. Riga-kafi yana ganin duk fayil da duk shafin da aka buɗe, kuma yana zaune a can cikin zuciyar babbar manhaja. A farkon 2020 aka gano cewa Avast, wanda miliyoyin mutane ke amfani da shi kyauta, yana sayar da bayanan shafukan da suke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa shi biyan dala miliyan 16.5. An ba wa kura ajiyar nama ke nan. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Amurka ta haramta sayar da Kaspersky a ƙasarta saboda dalilan tsaro, zargin da kamfanin ya musanta.

Kuskuren mai gadi ma yana da tsada. A watan Afrilu na 2010 wani sabuntawa na McAfee ya ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin bairos, kwamfutoci masu yawa suka daina aiki. A ranar 19 ga Yuli 2024 kuskuren sabuntawa na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, har aka soke tashin jirage a ƙasashe da dama. Shi ma na gida bai tsira ba: a 2017 masu bincike na Google sun gano mummunar ɓaraka a cikin injin riga-kafin Microsoft, aka toshe ta cikin 'yan kwanaki.

A Haɗa Biyu?

Wasu suna ganin in ɗaya ya yi kyau, biyu sun fi. Ba haka abin yake ba, ba a sarki biyu a gari ɗaya. Cikakkun riga-kafi biyu da ke gadi a lokaci guda suna rige-rigen duba fayil ɗaya, su nauyaya kwamfuta, wani lokaci ma ɗaya ya kama ɗan'uwansa. Saboda haka ne da zarar an ɗora na waje, Defender yake janyewa. Abin da za a iya yi shi ne a bar ɗaya yana gadi, a riƙa kiran na biyu jefi-jefi ya yi bincike ya koma.

Abin Da Riga-kafi Ba Ya Yi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 WannaCry, mai garkuwa da fayiloli, ya kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Birtaniya. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar da ya bi tun watan Maris. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sabunta ba, da masu tsohuwar Windows da aka daina kula da ita. Wannan darasi yana nan da ransa, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana buƙatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa da ake saya na hannu ba su da shi. Riga-kafi mai tsada a kan babbar manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka, ƙofar ƙarfe ce a jikin danga.

Ya kamata kuma malami ya kula da abin da ake yi wa kwamfutarsa a shago. Idan Windows ko Office ɗin da aka ɗora na sata ne, mai ɗorawa yakan kashe Defender tukuna, domin yana kama 'yar manhajar da ake fasa lasisi da ita. Sau da yawa ba a sake kunna shi, ko a umarce shi da ya daina duba wasu foldoji. Mai kwamfuta ya tafi gida da na'ura sabuwa fil, ba mai gadi, ga kuma baƙuwar manhaja da ba a san abin da ta ƙunsa ba. Saboda haka kafin a bar shago, a buɗe sashen Windows Security a duba abu uku: sunan riga-kafin da ke aiki, ko gadin kowane lokaci yana kunne, da kwanan watan sabuntawa na ƙarshe. A wannan sashe ne kuma ake kunna kariyar foldoji daga masu neman kuɗin fansa, wadda aka ƙara a 2017, domin a kashe take zuwa.

Ga ɗalibin da ke da kwamfuta ɗaya mai Windows 11 ta halal, wanda ke samun intanet ko da sau biyu ne a mako, riga-kafin gida ya wadatar, kuɗin lasisi kuma ya fi amfani in aka sayi faifan ajiya na waje da su, a riƙa kwafe muhimman fayiloli a cire shi a ajiye. Wanda kwamfutarsa ke daɗewa ba intanet, ga filashi na shiga da fita, yana da hujjar neman na waje, da sharaɗin ya zama na asali ne, kuma ya samu hanyar sabunta shi. Malamin da aka damƙa wa ɗakin kwamfuta yana iya gwada kowace na'ura ba tare da ya sa ta cikin haɗari ba, ta amfani da fayil ɗin gwaji na EICAR. Gajeren rubutu ne mai haruffa 68 wanda ba ya cutarwa, amma kamfanonin riga-kafi sun amince su riƙa kama shi tamkar bairos. Kwamfutar da aka ajiye mata shi ta yi shiru, ita za a fara dubawa.