Yadda Ake Yanka Wa Kwamfutoci Unguwanni

Duk wanda ya taɓa aika wasiƙa zuwa ƙasar Daura ya san cewa sunan mutum kaɗai ba ya isar da ita. Sai an ambaci ƙaramar hukuma, Baure ce ko Zango, Sandamu ce ko Mai'aduwa, sa'an nan gari da unguwa. To, haka lamarin yake ga duk na'urar da ta hau intanet.

Adireshin da aka fi sani, wato IPv4 wanda aka tsara a 1981, lambobi huɗu ne, kowace daga 0 zuwa 255, misali 192.168.10.7. A cikin na'ura kuwa gurabe 32 ne da ake kira bit, kowane gurbi ko 0 ko 1. Sashen farko na adireshin shi ke nuna unguwa, na ƙarshe kuma gida. Mu masu nazarin halittu wannan bai zame mana baƙo ba, domin sunan dawa a wurinmu Sorghum bicolor ne: dangi tukuna, sa'an nan ita kanta.

A ƙaddara wata makarantar sakandare a Daura tana amfani da 192.168.10.0/24. Wannan 24 na nufin gurabe 24 na unguwa ne, saura 8 na gidaje. Adireshi 256 ke nan, amma 254 ake rabawa, don na farko sunan unguwar ne, na ƙarshe kuma na shela ne ga kowa. In aka bar su haka, kwamfutar ɗalibi da wadda malami ya ajiye tambayoyin jarrabawa sun zama maƙwabta, ba ko zana a tsakani.

Maganin shi ne a aro gurabe biyu daga na gidaje, a koma /26. Nan take unguwa ɗaya ta zama huɗu: 0 zuwa 63, 64 zuwa 127, 128 zuwa 191, da 192 zuwa 255, kowace tana ɗaukar na'urori 62. Sai a ba ɗalibai ɗaya, ofishin jarrabawa ɗaya. An yi asarar adireshi shida, amma a ganina ciniki ya yi kyau. Sai dai rabon kaɗai ba kariya ba ne. Wajibi ne a gindaya wa na'urar da ke haɗa unguwannin dokar wanda zai wuce.

Adireshin IPv4 duka-duka bai kai biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbunsa na duniya ya ƙare a 2011. Shi ya sa ake ƙaura zuwa IPv6, mai gurabe 128.