Kafin Ka Ɗaure Kilishi a Jaka: Faɗakarwa ga Masu Tafiya Ƙasashen Waje

Duk wanda ya saba biyawa ta wajen masu kilishi na Area 1 a Garki ya san cinikin matafiyi daban yake. Ba ya tsayawa dogon taya. Abin da zai ce kawai shi ne, "Malam, a ɗaure mini da kyau, waje za a kai." Mai kilishi ya naɗe da takarda, ya zura a leda, ya sake naɗewa, ya bi da salatif har ƙunshin ya yi tauri, ya miƙa yana cewa, "Alhaji, wannan ko kare ba zai ji ƙamshinsa ba." Daga nan sai Kasuwar Wuse ko ta Utako a haɗo daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗora man shanu da dambun naman da Hajiya ta kwana tana yi, da dare a kama hanyar filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

Kare kuwa zai ji. Tun 1984 Amurka ta fara sa wasu ƙananan karnuka masu dogon kunne a filin jirgin Los Angeles, aikinsu kawai shinshina jakunkunan fasinja don gano nama da 'ya'yan itace, yau kuma suna manyan filayen jiragen ƙasar. Idan karen ya zo kusa da jakarka ya zauna, magana ta ƙare, sai buɗewa.

Babu mai ganin laifin wanda ke ƙasar waje don ya yi marmarin abincin gida. Ɗalibin da ya yi wata shida yana fama da burodi da dankalin Turawa cikin sanyin Ingila, idan ya tuna tuwon dawa miyar kuka da man shanu yana narkewa a kai, sai ya ji kamar ya yi tsuntsu. Matsalar ita ce yadda muke neman maganin wannan marmari. Mun ɗauka ɗanɗanon gida yana cikin naman da muka ɓoye tsakanin kaftani da hula, alhali nama shi ne abu ɗaya da ake samu a ko'ina, kuma shi ne abu na farko da ake ƙwacewa.

A nan akwai darasi wajen mutanen Biyetnam. Suna da wata miyar taliya da suke kira pho, wadda ta samo asali a arewacin ƙasar, wajajen Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20 zamanin mulkin Faransa. Taliyar ta garin shinkafa ce, amma ran abincin romonsa ne. Ana dafa ƙasusuwan sa na awoyi da yawa a kan wuta kaɗan-kaɗan, ana kwashe kumfa don romon ya fito garau. Ana babbaka albasa da ɗanyar citta a kan wuta har bayansu ya yi baƙi kafin a jefa, a ƙara kirfa da kanumfari da wani ɗan itace mai siffar tauraro, a gyara gishiri da ruwan kifin da aka tsima. Da aka raba ƙasar biyu a 1954, dubban ɗaruruwan 'yan arewa suka yi ƙaura zuwa kudu da miyarsu, can aka ƙara mata zaƙi da ɗanyun ganyaye. Har gobe 'yan Hanoi da 'yan Saigon suna musu a kan ta wane ce ta asali, kamar dai yadda Bakano da Babauce ba za su taɓa shiryawa a kan masa ba.

Bayan faɗuwar Saigon a 1975, 'yan gudun hijira suka watsu Amurka da Faransa da Ostireliya, yawancinsu ba su fita da komai ba sai kayan jikinsu. Ƙashi suka saya a mahautan ƙasar da suka sauka, kayan ƙamshi suka nema a shagunan 'yan China, sannu a hankali suka buɗe nasu shagunan, suka riƙa shigo da kaya ta hanyar da doka ta yarda. Da haka unguwar Little Saigon ta kafu a Westminster ta jihar Kalifoniya, da Cabramatta a Sydney, da gidajen abincin gunduma ta 13 a Paris. Wani ɗan gudun hijira, David Tran, ya rasa yajin da ya saba da shi, sai ya fara haɗa nasa a Los Angeles a 1980, ga shi yau kwalbarsa mai hoton zakara tana kantunan duniya. Waɗanda suka bi ta ɓarauniyar hanya kuma sun ga sakamako: a watan Oktoban 2019 Ostireliya ta soke bizar wata mata 'yar Biyetnam a filin jirgin Sydney, ta mayar da ita gida, saboda kusan kilo 10 na abincin da ba ta bayyana ba, ciki har da ɗanyen nama.

Tsananin da ƙasashen nan ke yi a kan nama da madara yana da tushe. A 2001 cutar ɓauru, wadda makiyayanmu suka sani sarai, ta ɓarke a Birtaniya. An gano ta fara ne daga wata gonar aladu a arewacin Ingila inda ake ba dabbobi sauran abincin da ba a dafa ba, kuma ana kyautata zaton ƙwayar cutar ta shigo ne cikin naman da aka shigar ba bisa ƙa'ida ba. Kafin a shawo kanta an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, asarar ta kai kusan fam biliyan 8. Ƙasar da ta taɓa ƙona garkunanta a fili haka ba za ta saurari bayanin cewa kilishinka ya sha rana ya sha wuta ba. Jami'in da ke gabanka ba shi da hanyar tabbatar da hakan, ba kuma aikinsa ba ne ya ɗanɗana.

Saboda haka Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga Najeriya ko Nijar shigar da nama da duk abin da aka yi da madara. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman layya, ganda, man shanu, cuku, duk hukuncinsu ɗaya. A Ingila tarar na iya kaiwa fam 5,000. Abin mamaki, kifi suna da sassauci a kansa: busasshe ko mai banda, mutum na iya shiga da har kilo 20, zuma kuma har kilo 2. Amurka ma ta hana naman, har dunƙulen miya idan akwai sinadarin nama a ciki. Akwai kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba: tun 2011 an hana fasinja daga wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Nijar, shiga Amurka da ɗanyar shinkafa a jaka, saboda wani ƙwaro mai cinye hatsi a rumbu. Ke nan shinkafar tuwon da Inna ta auna maka da tiya, a kwandon shara za ta kwana.

Wake kuma labarinsa abin kunya ne gare mu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa, irin fiya-fiyan nan da wasu 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don kada wake ya yi ƙwari. An yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Turawa sun ƙi shi, mu kuma muna nan muna ƙosai da alala da shi, wannan ma abin dubawa ne.

Abu mafi muhimmanci da matafiyi zai riƙe shi ne bayyanawa. Idan aka tambaye ka ko kana ɗauke da abinci, a takarda ko da baki, ka ce e, ko da ƙuli-ƙuli ne. A dokar Amurka, wanda ya bayyana abin da ke jakarsa ba a cin sa tara ko da abin haramtacce ne, karɓewa kawai za a yi. Wanda ya ce babu aka kuma samu, tararsa takan fara daga dala 300, sunansa kuma ya shiga kwamfuta, duk zuwan da zai sake yi sai an zazzage shi. Busassun kayan miya da aka daka ko aka niƙa, irin su kuka da yaji da garin kuɓewa da daddawa, galibi ba su cika samun matsala ba, sai dai jami'i ne ke da maganar ƙarshe. Ka zuba su a leda mai haske, ka rubuta sunan kowanne da Turanci, ka tara su wuri guda a saman jaka. Garin da ba suna, an naɗe shi cikin zane an tura ƙasan akwati, shi ke jawo tambayoyi. Mai ɗaukar kaya da yawa ko mai niyyar sayarwa, ya nemi takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, wadda ke da jami'ai a filayen jiragenmu, abincin da aka sarrafa kuma ya bi ta NAFDAC. A yi wannan tun da sauran kwanaki, kada a bari sai ranar tafiya.

Ko da ba ka ɗauki komai ba, yawancin kayanmu suna can, sunan ne kawai ya canza. Wanda ya je Rye Lane a Peckham ta Landan, ko Chateau Rouge a Paris, ko shagunan 'yan Afirka ta Yamma a Bronx da titi na 116 a Harlem, zai sha mamaki. Daddawa tana shagon Bayarabe da sunan iru, a wajen 'yan Mali da Burkina Faso soumbala ce. Garin kuka 'yan Senegal suna ce masa lalo. Namu lalon kuma, wato ayoyo, Misirawa na sayar da shi a daskare da sunan molokhia. Shagon Ba'indiye taska ce ga Bahaushe: gero bajra, dawa jowar, tsamiya imli, yakuwa da rama gongura, ga zogale ɗanye. Zoɓo yana wajen Larabawa da sunan karkade, wajen 'yan Meziko jamaica. Aya a Sifen chufa ce, acca kuwa fonio. Gidan abincin 'yan Ghana ma kada a raina shi, domin mutanen zango sun kai koko da ƙosai da tuwo ko'ina suka sauka.

Kilishin kansa ba gagara ba ne. Ka je wajen mahaucin halal ka nemi cinya marar kitse, ka sa ta a firiza ta ɗan ƙame don ta yanku siriri. Ka shimfiɗa a oba da wuta ƙasa-ƙasa, ka bar ƙofar a ɗan buɗe har ya bushe. Labu kuma garin ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta da kanumfari da masoro da albasa da gishiri, a dama da ruwa, a tsoma naman, a sake busarwa, a ƙarshe a ɗaga wuta ya gasu. Ba zai kamo na rana da garwashi ba, ƙarya ne a ce zai kamo, amma ya fi wanda aka bari a hannun kwastan.

Saura batun saƙo, kuma a nan ne hatsarin ya wuce tara. Hukumar NDLEA ta sha kama ƙwaya da aka cusa cikin busasshen kifi da barkono da garin rogo a filayen jiragen ƙasar nan. Ba a manta da wata ɗaliba da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan wasu miyagu a filin jirgin Kano sun maƙala sunanta a jakar da ba tata ba mai ɗauke da tramadol. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta yi halinta a watan Afrilun 2019, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne. Ita ba ta karɓi saƙon kowa ba ma ke nan, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Maniyyata kuma su tuna gargaɗin da Hukumar Alhazai ke maimaitawa kowace shekara a kan tafiya da goro.

Don haka idan wani ya tare ka a bakin ƙofar tashi ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, ɗan yaji ne kawai, ka miƙa wa yarona a Manchester," ka ba shi haƙuri. Idan na gida ne wanda ba ka iya ƙi, a kwance ƙunshin a gabanka ka gani da idonka, ka sake ɗaurewa da kanka. Ku kuma iyaye da ke haɗa wa 'ya'ya tsaraba, ku cika jakar da daddawa da kuka da yaji da ƙuli-ƙuli, dambun naman ku ajiye musu sai sun zo hutu.