Tarin da ya ƙi jin magani: dalilin da ya sa likita ma ke komawa karatu

A kasuwanninmu, daga babbar kasuwar Maradi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, idan mutum ya daɗe yana tari yana ramewa, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne tarin fuka. Sau da yawa kuma haka ɗin ne. To amma akwai wata cuta da ke zuwa da kamanni iri ɗaya, wato kansar huhu, wadda wasu ke kira ciwon daji ko sankara. Tari, jini a majina, ciwon ƙirji, rama, shaƙewar murya, numfashi sama-sama, duk cututtukan biyu na kawo su. Wannan kama da ke tsakaninsu ita ke sa marar lafiya ya yi watanni yana shan maganin da ba na cutarsa ba, kansa kuwa tana ci gaba da yaɗuwa.

Alƙaluman hukumar lafiya ta duniya OMS na shekarar 2022 sun nuna mutum wajen miliyan 2 da rabi ne suka kamu da kansar huhu a duniya, wajen miliyan 1 da dubu 800 kuma suka rasu. Babu wata kansa da ta kai ta kisa. Shan taba ne ke haddasa kimanin kashi 85 cikin 100. Sauran sun haɗa da shaƙar hayaƙin tabar wani, hayaƙin gazuwal na manyan motoci, da iskar radon da ke taruwa cikin ramukan haƙar yuraniyom irin na yankin Arlit. Hayaƙin itace ma, wanda mai tuyar ƙosai da mai gashin tsire ke wuni a cikinsa, masana sun sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ta. Ke nan mace da ba ta taɓa sa sigari a baki ba tana iya kamuwa.

A nan ne maganar ƙaro ilimin ma'aikatan kiwon lafiya ta shigo. Wanda ya fara ganin mai tari ba ƙwararren likitan huhu ba ne na Yamai. Majo ne ko ma'aikaciyar jinya a likitar unguwa ko ta ƙauye. Idan kansa ba ta zo masa a rai ba, ba wanda zai tura marar lafiya gaba. Abin da ake tuna musu a tarurrukan ƙara wa juna sani kuwa a fili yake: tarin da ya wuce mako 2 a auna majina, idan awon na'urar GeneXpert bai nuna tarin fuka ba, a ɗauki hoton ƙirji, wanda ya yi wata 2 kan maganin tarin fuka bai ji sauƙi ba, a sake bincike, domin mai yiwuwa ƙwayar ce ta bijire wa magani, ko akwai sida, ko kuwa kansa ce. A kuma taɓa saman ƙashin wuya ko akwai kaluluwa mai tauri, a dubi farce ko ya kumbura ya lanƙwashe. Hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an yi sikana, an zura siririn tiyo mai fitila cikin hanyar numfashi ko an sa allura, an gutsuro tsoka an auna ta.

Ilimin kansa ba a tsaye yake ba. Likitan da ya gama karatu a shekarar 2000 ya san tiyata, da ƙarin ruwan kashe ƙwayar kansa, da gashi da haske. A 2004 masu bincike suka gano cewa wasu masu cutar, musamman mata da waɗanda ba su shan taba, suna da wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna EGFR, kuma ƙwayar magani ta haɗiya tana yi musu aiki ƙwarai. A 2011 wani babban bincike a Amurka ya nuna sikana mai ƙaramin haske ga waɗanda suka daɗe suna shan taba tana rage mutuwa da kashi 20 cikin 100. A 2015 aka fara amincewa da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi kansar huhu. Waɗannan magunguna suna da tsada matuƙa, amma likitan da bai san da su ba ba zai ma nemi awon da ya kamata ba.

A gida Nijar, dokar yaƙi da taba ta fito tun watan Mayu na 2006, kuma a 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa da ke Yamai ta samu na'urar gashi. Sai dai na'ura ba ta amfanar wanda ya iso a makare. A Amurka, fiye da rabin waɗanda aka gano cutar tun tana cikin huhu kawai suna kai shekara 5 a raye. Idan ta bazu cikin jiki, wajen 1 ne cikin 10. Ga ɗan kasuwa kuma, kowane wata na ɓata lokaci jari ne ke narkewa wajen sayen sirop da ƙwayoyin tebur da jiƙe-jiƙe.

Mu ma muna da namu aiki. Mu gaya wa likita gaskiyar shekarun da muka yi muna shan taba, da irin hayaƙin da muke sana'a a cikinsa. Mu adana hotuna da takardun awo cikin leda guda, mu riƙa zuwa da su duk asibitin da aka tura mu. Wanda aka ɗora kan maganin tarin fuka kada ya tsayar da shi da kansa, idan ba sauƙi, ya koma ya ce: "Likita, na sha magani yadda aka ce, tarin bai tafi ba, ko akwai wani awo?" Wannan tambaya ba raini ba ce. Idan kuma muka tarar an ce likita ya tafi horo na kwana 3, kada mu yi gunaguni, lafiyarmu ya tafi nemowa.