Wa'adin Kaduna da Yadda Ƙungiyoyi Ke Wanke Kansu Daga Zargin Kalaman Ƙiyayya

Ranar 6 ga Yuni, 2017, gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa ta taru a Gidan Arewa da ke Kaduna, ta ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin su tattara nasu-ya-nasu su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba. Ta kuma ce 'yan Arewa mazauna Kudu maso Gabas su dawo gida. Nan take ƙasa ta ɗauki zafi. Gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya ba da umarnin a kama waɗanda suka ba da wa'adin, gwamnonin Arewa kuma suka ce ba da yawunsu ba.

Abin lura shi ne yadda gamayyar ta kare kanta, domin duk ƙungiyar siyasar da aka tuhuma da kalaman ƙiyayya kusan hanyar da take bi ke nan. Da farko suka ce ai ba su suka fara ba. Mako guda kafin nan, ranar 30 ga Mayu, ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa ƙasar Biyafara ta sa an zauna a gida a garuruwan Kudu maso Gabas, ga kuma zagin da shugabanta Nnamdi Kanu ya daɗe yana yi ta Rediyon Biyafara, inda yake kiran Najeriya gidan namun daji. Wannan gaskiya ne, an yi. Sai dai mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano, wanda 'ya'yansa suka tashi da Hausa a bakinsu, bai taɓa riƙe makirufon wannan rediyo ba. Shi aka ba wa'adin, ba Kanu ba.

Daga nan sai suka ce ba a fahimce su ba: ba su kira kowa ya ɗauki makami ba, taimaka wa masu neman ɓallewa kawai suke yi su samu abin da suke so. Har wasiƙa suka rubuta wa muƙaddashin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, suna neman a bar Ibo su yanke makomarsu cikin lumana. A nan ne mai karatu ya kamata ya natsu. Ba sai an ce "ku kashe" ba kafin magana ta zama haɗari. A ƙasar da ba a manta da kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa a 1966 ba, ka sa wa wata ƙabila ranar tashi, to ka bar wa ɓata-gari su ƙarasa sauran jimlar. Shi ya sa ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Rabat a 2012 bai tsaya ga lafazi ba. Yana duba wa ya yi maganar, a wane yanayi, da wace niyya, ina ta kai, kuma yaya yiwuwar ta haifar da ɓarna. Ai kuwa cikin waɗannan makonni wata waƙar cin zarafin Ibo ta riƙa yawo a wayoyin mutane, har ƙwararrun Majalisar suka yi gargaɗi a kai a watan Agusta.

IPOB ma haka take kare kanta: ita fafutukar 'yanci take yi, gwamnati ce ke son toshe mata baki. Kowane ɓangare na nuna ɗan'uwansa da yatsa, ashe kowa na cin moriyar zafin bakin ɗayan.

Ranar 24 ga Agusta, bayan sa bakin manya irin su Kashim Shettima, shugaban gwamnonin Arewa a lokacin, gamayyar ta sanar a Abuja cewa ta jingine wa'adin. Jinginewa fa, tare da jero buƙatu. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya riga ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama inda ya ga dama, don haka abin da aka jingine tun asali babu mai ikon bayar da shi.

Duk da haka, ƙorafin toshe baki ba koyaushe yake zama kame-kame ba. Ƙudirin dokar kalaman ƙiyayya da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya sake kawowa a 2019 ya tanadi hukuncin rataya idan kalaman suka jawo rasa rai, kuma sukar da ya sha ta dace. A 2020 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, daga baya a 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tarar gidajen rediyo da talabijin. Mai mulki na iya laƙaba wa suka sunan ƙiyayya, wannan ma gaskiya ne.

Saboda haka idan ka ji wata ƙungiya na wanke kanta, ko da ta yankinku ce, bar sanarwar kakakinta tukuna, ka nemi ainihin abin da ta faɗa. Shugaba ta soka, ko ƙabila ta yi wa kuɗin goro? Sannan ka cire sunan waccan ƙabilar ka sa na taka, ka tuna ɗan'uwanka mai sayar da albasa a Anaca, kafin ka tura saƙon gaba a WhatsApp.