Jigon Gado da Baiwa a Wasan Kwaikwayo Mai Rawa da Waƙa

Wasan kwaikwayo mai rawa da waƙa shi ne wanda ake isar da saƙonsa a dandamali ta hanyar gwama zance da kiɗa da rawa. Daga cikin fitattun jigoginsa akwai taƙaddama tsakanin gado da baiwa.

Misali, wasan Billy Elliot, wanda aka fara nunawa a Landan a 2005, ya ƙunshi labarin ɗan wani mahaƙin kwal a arewacin Ingila, lokacin yajin aikin 1984 zuwa 1985. Uban ya tura yaron koyon dambe, shi kuwa hankalinsa ya karkata ga rawa. Wata malama ce ta gano baiwarsa ta horar da shi, har uban ya sauko ya mara masa baya.

Wannan jigo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda bisa al'ada kiɗa da ƙira da fawa duk gadonsu ake yi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba, amma ya shahara a kanta.

Malamin da aka tura Bagudo ko Illo ko Ka'oje, kusa da iyakar Binin, zai tarar da ɗalibai Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa, kowa da irin rawarsa. Wajibi ne ya yi amfani da wasan makaranta wajen gano baiwarsu, sannan ya fahimtar da iyaye cikin hikima, ba tare da ya haɗa ɗa da mahaifi rigima ba.

Aiki: Tsara gajeren wasa a kan wannan jigo.