Nosferatu: yadda Lily-Rose Depp ta horar da jikinta don tsorata masu kallo

Da yawa daga cikin waɗanda suka kalli fim ɗin tsoro na Nosferatu, wanda ya fito a watan Disamba na 2024, sun ɗauka da kwamfuta aka murɗe jikin ƴar wasa Lily-Rose Depp. Ba haka ba ne. Karkarwar, da sandarewar, da lanƙwashewar baya, duk ita ta yi su da jikinta, bayan horo mai tsanani.

Fim ɗin, wanda Robert Eggers ya ba da umarni, sabon zubi ne na wani tsohon fim na Jamus na shekarar 1922. An kafa labarin a 1838, inda Depp ta fito a matsayin Ellen, matar aure da wani mai shan jini, Orlok, yake ja da ruhinta daga nesa. Tunda dodon ba ya kusa da ita a yawancin lokaci, jikinta ne kawai zai nuna wa mai kallo cewa wani abu ya kama ta. In jikin bai gamsar ba, sai abin ya koma ban dariya.

Saboda haka aka ɗauko Marie-Gabrielle Rotie, gwanar rawar butoh. Wannan rawa ta samo asali a Japon a ƙarshen shekarun 1950, a hannun Tatsumi Hijikata da Kazuo Ohno. Ana yin ta a hankali ƙwarai, mai rawa yana motsi kamar wani ne ke sarrafa gaɓoɓinsa. Abin da labarin Ellen ke buƙata ke nan.

Don motsin ya dace da zamanin, sun kuma duba hotunan matan da likita Jean-Martin Charcot ya riƙa dubawa a asibitin Salpêtrière na birnin Paris a ƙarni na 19, waɗanda aka ce suna fama da ciwon da ake kira histeriya.

Abin da ya yi kama da fita hayyaci, a gaskiya tsararre ne daki-daki, kamar rawa. Dalili shi ne Eggers yana son dogon ɗauka ba yankewa, kuma akan maimaita fitowa ɗaya sau da yawa. Dole ƴar wasa ta san inda kowace gaɓa za ta kai, don mai kyamara ya bi ta, ita kuma kada ta ji wa kanta ciwo.